Fitilu shida da batir biyu kafin a ga hanya: nazarin ƙarin fitilar LED a babur ɗin wani mai dakon tumatir

Mutumin, babur ɗin da hanyar

Mutumin ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, yana zaune a wani ƙauye cikin yankin noman rani na Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta kanal yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke riƙe da gidansa da rani shi ne dako: ya ɗaure kwandunan tumatir ɗin manoma a bayan babur ya kai kasuwar Kwanar Gafan da ke kan titin Kano zuwa Zariya, tun kafin manyan motocin kudu su cika. Wanda ya yi sammako shi ke samun dillali da fara'arsa.

Tafiyar kilomita 20 ce. Goma sha huɗu burji ne a gefen kanal, ga gargada ga ramuka, sauran shidan kwalta. Da an sallame sallar asuba yake tashi, kuma a Disamba da Janairu rana ba ta leƙowa sai wajen bakwai saura kwata, don haka sawun farko kusan duk a duhu ake yin sa. Sawun komawa gida kuma yakan kai bayan isha'i.

Babur ɗin Boxer ne mai cc 100, mai sitata, shekararsa uku a hannunsa. Ƙwan fitilar gaba wat 35 ne, batirin kuma a jikinsa an rubuta 12V 5Ah. A irin wannan babur fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba. Kai tsaye take sha daga koyil ɗin da ke cikin maganito, wutar AC mai kai da komo, wadda ƙarfinta ke bin juyawar inji. In ka ja totur ta yi haske, in ka saki ta koma kamar aci-balbal. Shi kuwa mai kaya ba ya sakin totur sai inda hanya ta lalace, wato daidai wurin da ya fi buƙatar gani nan fitilar ke yi masa rowa.

Farkon Disamba 2023: abin da ya tayar da maganar

Ranar 4 ga Disamba, cikin hazo, ya rage gudu zai sha wata kwana a bakin kanal, fitila ta dusashe, bai ankara ba sai ga amalanken shanu an ajiye a gefen hanya. Ya kauce, ƙafar gaba ta faɗa rami, kwando biyu suka kife. Shi dai gwiwa kawai ya kurje, amma tumatir ɗin ba nasa ba ne, sai da ya biya. A ranar ya ƙudurta zai ƙara fitila.

Gwaji na farko: 6 zuwa 15 ga Disamba

Ya sayi fitilun LED guda biyu masu farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi a kan naira 7,500. A kwalin an rubuta kowace wat 60 ce. Wani yaro mai gyara a bakin titi ya ɗaure su a gindin madubai, santimita 105 daga ƙasa, ya fere wayar fitilar gaba ya jona su a nan, ya naɗe da salatef. Aikin bai kai rabin awa ba.

A tsaye, da dare, gaban shago, hasken ya burge kowa. A hanya ne labari ya sauya. In inji yana silo fitilun sai su dinga ƙyafta ido, domin LED wuta mai tafiya miƙe take so, DC, ba mai kai da komo ba. Ainihin fitilar gaban ma ta ƙara dusashewa, tunda yanzu baki uku ke sha a kan koyil ɗaya. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne hazo. Fitilun suna kusa da saitin idonsa, saboda haka duk ƙurar da ke yawo a iska sai ta dawo masa da hasken fuska. Ya ce ji yake kamar an shimfiɗa masa farin zane a gaba. A kan kwalta kuma direbobin da ke tahowa suka dinga rama masa da ful, har sai ya rufe ido ɗaya.

Kwana tara fitilar hagu ta mutu. Da aka buɗe ta daga baya, ƙwayoyin hasken lafiyarsu ƙalau, ɗan allon da ke daidaita musu wuta ne ya ƙone.

Gwaji na biyu: 18 ga Disamba zuwa 12 ga Janairu 2024

Abokan dako suka ce ai kuskuren a fili yake, daga batir ake ɗaukar wutar LED. Ya sake sayen wasu biyu irin na farko a kan naira 9,000, aka mayar da su gindin madubai, aka jawo siririyar waya irin ta sifika daga kan batir, ta bi ƙarƙashin tanki ta fito wuyan babur, aka sa makunni a hannu. Ba a sa fis ba. Ba a bi ta makulli ba.

Ƙyaftawar ta tsaya, fitilar gaba ta dawo yadda take. Kwana huɗu sitata ta fara nishi, ham ya koma kamar kukan ɗan akuya, sigina ta daina ƙyaftawa sai dai ta tsaya a kunne. Ya koma buga kik. Wata safiya ya isa kasuwa gari ya waye, ya zare makulli ya shiga ciniki, bai lura fitilun suna kunne ba. Da ya dawo batir babu ko ɗigo. Aka kai caji, ya ɗauka, kwana biyu ya sake zubewa. Batir mai ruwan asid ba ya jure a dinga tatse shi har ƙasa, kowace tatsa tana rage masa abin da zai iya riƙewa. Aka yanke hukuncin tsufa ne, ya sayi sabo a kan naira 8,500. Sabon bai cika mako uku ba ya bi sawun tsohon.

Ranar 12 ga Janairu da asuba, yana tsakiyar burji, ya ji ƙaurin roba, hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin tanki. Wayar ce ta goge a wuyan babur saboda juya kai dama da hagu, jan ƙarfen ya taɓa bodi. Da yake babu fis, babu abin da zai yanke wutar sai wayar kanta, ta yi ja ta narke tun daga wuya har kan batir, a jikin tankin da ke cike da fetur. Ya yi ta maza ya fizge ta da hannu, ya ƙone yatsu biyu. Allah ya kiyaye, batirin ya riga ya yi rauni.

15 ga Janairu: ranar da aka sa mita

Wani ya yi masa kwatancen wani dattijo mai wayarin a cikin Kano. Da zuwansa ya ce, "Baba, fitila nake so wadda ta fi waɗannan ƙarfi, da batir babba."

Dattijon bai amsa ba. Ya ɗauko mita da wani lafiyayyen batir na shago, ya jona fitila ɗaya. Mita ta nuna amfiya 1.5, wato yawan wutar da fitilar ke ja, a kan bolt 12.4 na ƙarfin batirin. In aka ninka biyun, wat 18 da ɗoriya ke nan, ba 60 ba. Biyu za su ja amfiya 3. (Ƙaryar kwalin ma ta yi masa rana. Da a ce da gaske wat 60 ce kowace, amfiya 10 za su ja, batirin ba zai kai rabin awa ba, wayar kuwa da tun daren farko ta kama.)

Sai ya ɗaura batirin shagon a babur ɗin, aka tayar, ya auna abin da ke shiga batir. A matsakaicin gudu, da fitilar gaba a kunne, kusan amfiya 1. A silo kusan babu komai.

"Ka gani, ɗana? Ɗaya ke shiga, uku ke fita. Ko batirin tirela na ɗaura maka, kwanakin mutuwarsa kawai na ƙara."

Lissafin ba shi da wuya. Giɓin amfiya 2 a kan batir mai 5Ah yana cinye rabinsa cikin awa ɗaya da kwata. Mutumin yana yin kusan awa ɗaya da asuba, wata awar da dare, kuma yawancinta a ƙaramin gudu, inda cajin bai ma kai ɗayan ba. Zirga-zirgar rana gajeru ce, ga sitata tana ɗiban nata kason. Kullum batirin yana kwana da bashi.

16 ga Janairu: gyaran wutar

Dattijon ya ce ba za a ƙara komai ba sai an rage wani abu. Aikin ya ci yini guda.

Da farko ya buɗe maganito. Bakin koyil ɗin ɗaya a jikin ƙarfen inji yake, sai ya cire shi daga nan ya jona masa waya ya fito da ita waje, ya sauya rektifaya, wato na'urar da ke mayar da wutar koyil DC don cajin batir, ya sa mai amfani da duka ɓangarori biyu na wutar AC, maimakon tsohuwar da rabi kawai take tura wa batir. Da wannan, duk abin da koyil ya haifa yana zama DC ya shiga batir, kowace fitila kuma, har ta gaba, daga batir take sha. Ko an saki totur haske ba ya faɗuwa.

Sannan ya cire ƙwan gaba mai wat 35 ya sa na LED mai wat 12, ya cire na baya mai wat 5 ya sa mai wat 1. An samu rarar wat 27. Fitilun gindin madubi ya ce a ajiye su. Aka sayo wasu ƙanana a Ƙofar Ruwa, masu ruwan ɗorawa, masu shimfiɗa haske a faɗi da yankakken sama, kuma ya tafi da mitarsa ya auna su a gaban mai shago kafin a biya: amfiya 0.8 kowace, wato kusan wat 10. Biyu wat 20, rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta ga fitilu, ya ci kamar 2. Ashirin da biyu a cikin ashirin da bakwai.

Mutumin bai ji daɗi ba. Ya ce, "Baba, na zo neman ƙari ka rage mini." Dattijon ya ce ya bari dare ya yi.

Wayarin ɗin ma sabo aka yi. Waya mai kaurin milimita 1.5 daga kan batir, fis mai amfiya 5 a tazarar da ba ta wuce santimita 10 daga batirin ba, domin duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro. Ƙafafun rile kowace da lambarta: daga fis zuwa ƙafa ta 30, daga ta 87 zuwa fitilu. Ƙafa ta 86 ta karɓi wuta daga wayar da ba ta rayuwa sai an murɗa makulli, ta bi ta makunnin hannu, ta 85 kuma ta tafi bodi. An zare makulli, fitilu sun mutu, ko an manta makunni a kunne. Kowane haɗi da dalma aka yi shi, aka zura wayoyin cikin tiyo, aka ɗaure su a jikin firam nesa da kan inji.

Da aka kunna komai, mita ta nuna bolt 13.8 a matsakaicin gudu, 12.5 a silo.

An samu ɗan tuntuɓe bayan kwana uku. Sabuwar rektifayar, wadda aka cusa a bayan murfin gefe, ta dinga zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Irin wannan rektifayar duk wutar da ba a sha ba ita ke juya ta zuwa zafi, kuma da rana, fitilu a kashe, rarar tana da yawa. Aka fito da ita aka ɗaure a jikin firam ta gaba inda iska ke bugunta, zafin ya sauka.

16 ga Janairu zuwa 3 ga Fabrairu: mazaunin fitilun

Nan ne aka fi ɓata lokaci, kuma nan ne abin lura ya fi yawa.

An sauko da fitilun daga gindin madubi zuwa ƙarfen kare ƙafa, santimita 55 daga ƙasa. Dalilin dattijon shi ne ƙura tana mayar da haske ne ta inda ya fito. In fitila na kusa da ido, abin da ya dawo ido yake shiga. In tana can ƙasa, yawancinsa ƙasa yake komawa. Ga wata riba kuma da mutumin ya gano da kansa tun daren farko: haske daga ƙasa yana sa kowane rami da kowane tudu ya yi inuwa, sai hanya ta fito da kamanninta, alhali hasken sama shafe ta yake yi ta zama kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma.

An yi shawarar a ɗaura su a ƙasan shokozoba na gaba, kusa da taya, don su dinga juyawa da kan babur. Aka fasa, domin duk dukan da taya ta sha a gargada kai tsaye zai shiga fitilar.

Mariƙin farko mai walda ne ya yi shi da siririn ƙarfe mai tsawon santimita 12, ya like a jikin ƙarfen kare ƙafa. (An cire kan batir da filogin rektifaya kafin a kunna injin walda, kuma hakan ya kamata.) Mako biyu na dama ya tsage daidai bakin waldar, fitilar ta dinga reto a jikin wayarta. Inji mai silinda ɗaya ba ya daina karkarwa, kuma dogon mariƙi mai nauyi a baki lanƙwasuwa yake yi sau dubbai a kowace tafiya har ƙarfen ya gaji. Na biyun aka yi shi da ƙarfe mai kaurin milimita 3, tsawon santimita 5 kacal, ba walda, maƙala aka yi da ke rungume ƙarfen, aka sa yankin tsohon tib a tsakani, kowane noti aka bi shi da na biyu don kada ya kwance.

Sai saiti. An tsayar da babur a fili, mita 10 daga bango, mutumin yana zaune a kai, aka ja layi da gawayi a tsayin santimita 55, aka sunkuyar da fitilun har saman haskensu ya sauka santimita 20 ƙasa da layin. A haka hasken zai taɓa ƙasa a wajen mita 27. A burji da kaya ba ya wuce kilomita 30 a awa, wato mita 8 da 'yan kai a daƙiƙa, don haka yana da daƙiƙa uku tsakanin gani da isa.

Washegari ya dawo yana cewa har yanzu direbobi na dalle shi da ful. Dattijon ya tambaye shi, "Da kaya ko babu?" Da kaya. Aka samo buhunan yashi daidai nauyin kwando uku aka ɗaura, aka koma bango. Bayan babur ya zauna da kamar santimita 3, kai ya ɗaga, hasken ya haura da kusan santimita 25, ya tsallake layin gawayin. Saitin da aka yi babur ba kaya, da an ɗora kaya idon mutane yake nema. Aka sake shi da buhunan a kai. Abin da aka sadaukar shi ne dawowar dare, lokacin da babu kaya: hasken ƙananan fitilun yana tsayawa a wajen mita 12, sauran nisan sai fitilar gaba ta ɗauka.

Da yake ƙarfen kare ƙafa ba ya juyawa da kan babur, kwana mai tsanani takan bar gefe ɗaya a duhu. Aka ɗan karkata ta dama waje, ta haska bakin hanya inda amalanke da masu tafiya a ƙasa suke. Ta hagu aka bar ta miƙe, domin tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya, mai tahowa ta hagu yake wucewa.

Fabrairu zuwa Yuni 2024: abin da ya biyo baya

Batir na uku, wanda aka saya ranar gyaran wuta, ya wuce sauran hunturu, ya wuce azumin da aka fara ranar 11 ga Maris, lokacin da zirga-zirgar dare ta ƙaru, kuma sitata ba ta sake nishi ba. Da aka auna shi wata safiya a ƙarshen Afrilu kafin a tayar da inji, bolt 12.6 ya nuna. Fis ya ƙone sau ɗaya, ranar da babur ya faɗi a kasuwa wayar fitilar dama ta matse. Aka gyara wayar, aka sa wani fis ɗin. Mariƙan ba su motsa ba.

Ruwan farko ya tona wani aibu. Fitilar hagu ta yi gumi ta ciki, duk da kwalin ya ce IP67, wato ƙura ba ta shiga kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Ta inda waya ke shiga ruwan ya bi. Aka buɗe, aka shanya a rana, aka toshe wurin da gam ɗin silikon, aka lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ciki.

Gwaji biyun farko sun ci naira 25,000, ban da ladan masu ɗaurawa da kuɗin caji. Aikin dattijon, har da batir da fitilu da mariƙi sau biyu, ya tashi wajen 38,000.

Hukunci

Abin da ya kashe batir biyu ba ingancinsu ba ne, giɓin amfiya 2 ne da babu wanda ya auna sai bayan mako huɗu ana asara, alhali awon bai ɗauki minti goma ba. Abin da ya kusa ƙona babur ɗin kuma rashin fis ne, wanda shi ne mafi arha a duk kayan da aka saya.

A kan gani kuwa, a ganina saukar da fitilun da saita su da kaya a kai sun fi komai tasiri. Fitilun ƙarshe kusan rabin wutar na farko suke ci, amma da su ya ga hanya. Launin ruwan ɗorawa, wanda mutumin ya fi yabawa, shi na fi ba ƙaramin kaso. Faransa ta wajabta irin wannan launi a fitilun mota daga 1937 har 1993, sannan ta bari. Ba ya huda hazo fiye da fari ta yadda za a ce wani abu ne, amfaninsa shi ne ido bai cika gajiya da shi ba kamar fari mai shuɗi, kuma mai tahowa ya fi jure shi. Da fararen fitilun nan aka saukar ƙasa aka sunkuyar, da sun yi mafi yawan aikin.

Mayar da babur ɗin DC gaba ɗaya shi ne aiki mafi tsada, kuma ana iya jayayya a kansa. Da an bar wayarin na asali, aka sa ƙananan fitilun da rile da fis, giɓin zai tsaya a wajen amfiya 0.7, wanda tafiyar rana za ta iya cikewa ga mai doguwar hanya a kwalta. Ga wannan mutumin, mai tafiya a hankali da kaya a burji, hukuncin dattijon ya yi daidai, domin ainihin kukansa tun ranar amalanke shi ne fitilar da ke dusashewa in ya saki totur, kuma wannan kaɗai ya magance ta.

Abu ɗaya bai gyaru ba. Kwanon fitilar gaba an ƙera shi ne don ƙwai mai zare, ƙwayoyin LED ɗin kuma ba su zauna daidai inda zaren yake zama ba, don haka dim ɗinsa yana ɗan watsa haske sama. An sunkuyar da kwanon, abin ya ragu, bai tafi ba. Dattijon ya ce maganinsa sai an sauya kan fitilar ɗungurungum da wanda aka ƙera don LED. Mutumin ya ce sai tumatir ɗin baɗi.